Ciwon Bayan Direba

Duk jaririn da aka haifa a layin nan cikin shekara ashirin da suka wuce, da wuya ka samu wanda bai sa hula da safar Mai Saƙa ba. Injinta yana barandar gidanta, dab da ƙofar shigowa, wani dogon ƙarfe mai jerin allurai da ta gada wajen gwaggonta. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu take tura kansa hagu da dama, har kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu. Gajera ce, mai saurin hannu da saurin baki. In ka kawo mata zare mai arha za ta gaya maka a fuskarka cewa ka yi rowa, sannan ta zauna ta saƙa maka shi da kyau, don kada gobe a ce aikinta ne ya warware. Ƙofarta a buɗe take wuni, saboda masu kawo aiki da masu karɓa, da kuma waɗanda ba abin da ya kawo su sai hira.

Mijinta direban babbar mota ne, ko in ce ya taɓa zama. Shekara goma sha takwas yana jan kaya daga gari zuwa gari. Mutum ne mai ƙatuwar dariya, wanda in ya dawo daga tafiya tun daga bakin titi yake danna hon sau uku don a san ya iso, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba, alhali ta riga ta miƙe ta ɗora ruwan wanka. Suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ba su yi arziki ba, ba su kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Sai wata rana birki ya tsinke masa a gangare, ya afka wa wata ƙaramar motar fasinja. Shi ya fito ko ƙwarzane babu. Mutum biyar na cikin ƙaramar motar ba su fito ba. Hukuma ta bincika ta ce ba laifinsa ba ne, laifin birki ne. Kowa ya yarda da hukuma ban da shi.

Da farko barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan magana ta ragu, sai a wuni bai ce uffan ba. Sannan aka zo kan ƙarar inji. Ko babur ne ya shigo layin, sai ka ga zufa ta keto masa, jikinsa na ɓari, ya sauka ya cusa kansa tsakanin gado da bango ya toshe kunnuwansa. Injin saƙar matarsa kaɗai bai dame shi ba, wataƙila don shi ba ya tafiya ko'ina. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan titi ya koma daga ɗaki sai banɗaki.

Ba za a ce Mai Saƙa ta naɗe hannu ba. Akwai likitan irin wannan ciwo a babban asibiti, can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake hawa kafin a kai. Ita da ƙanin mijin suka taɓa ɗauko tasi da sassafe, suka lallaɓa shi ya shiga. Motar ba ta kai bakin titi ba ya buɗe ƙofa ya faɗa waje, ya karye a tsintsiyar hannu. Ba a sake gwadawa ba. Ta je asibitin ita kaɗai, ta bi layi tun safe har rana ta karkata, ta zayyana wa ma'aikaciyar jinya komai. Matar ta saurare ta da kyau, ba ta yi mata tsawa ba, ta ce, "Mama, ba a rubuta magani sai likita ya ga mara lafiya da idonsa. Ki kawo shi."

"Ba ya shiga mota."

"To mu kuma ba ma zuwa gida. Ki yi haƙuri."

Ta yi haƙurin, don ba ta da wani abin yi.

A satin farko na ciwon ne wata maƙwabciya ta tambaye ta me ya sa ba a ganin Direba a waje. Bakinta ya riga tunaninta, ta ce, "Bayansa ne. Tun hatsarin nan." Ƙarya ce ƙarama da ta yi don ta sallami mai tambaya, ba ta san za ta shekara shida tana ciyar da ita ba. Amma ku yi mata adalci. A layin nan ba a san wani abu tsakanin lafiya da hauka ba. Ko dai mutum ƙalau yake, ko kuma an sa masa wancan sunan, sunan kuwa ba ya tsayawa kan mai shi, har 'ya'yansa yake bi. Ita kuwa tana da 'yan mata biyu da suke tasowa. Sai ciwon baya ya zauna daram. Mutanen kirki suka yi ta kawo man zafi, kwalba-kwalba, har ta ware masa durowa guda. Wani tsoho ya ce a kwantar da shi a kan katako, ya kuma aiko da katakon. Tana nan tana godiya, tana ba da labarin yadda bayan ya ɗan saki jiya, yau kuma ya riƙe. 'Yan matan suka girma suka yi aure suka bar gidan, ƙaryar ba ta bi su ba, ta zauna da uwarsu.

Ranar da abin ya faru Talata ce da hantsi. Wata budurwa ta yi sallama a ƙofa, sanye da riga mai tambari a ƙirji, rungume da takardu. Ta ce daga jami'a suke tare da ofishin lafiya, suna bin gida-gida suna bincike kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, su san mutum nawa ne ke fama, da ko suna samun zuwa asibiti, da abin da ke hana su. Ta ce ba dole ba ne, kuma ba za a rubuta sunan kowa ba. Sannan ta ce, "Mama, ko za mu shiga daga ciki? Hirar ta sirri ce."

Daga ciki kuwa falo ne ɗan ƙarami, ƙofar ɗakin Direba na kallonsa. Shekara shida baƙo bai wuce baranda ba. Mai Saƙa ta jawo kujera da ƙafa ta ce, "Nan ma ya isa, 'yata. Zauna."

Ba a yi tambaya uku ba sai ga Mai Ƙanƙara, wadda gidanta ke kallon nasu, ta shigo wai aron almakashi. Ta girmi Mai Saƙa da 'yan shekaru, tare suka tare a layin, tare suka yi goyo. Aka ba ta almakashin, ba ta tafi ba. Ta jingina da bango tana gwada kaifinsa a kan wani guntun zare.

Budurwar ta dube ta ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, hirar ta mutum ɗaya ce."

"Haba 'yar nan, ai mu nan gida ɗaya ne. Me take da shi da ban sani ba?"

Budurwar ta juyo ta dubi matar gidan. Kalma ɗaya ake jira daga gare ta. To amma ta yaya za ka ce wa aminiyarka ta shekara ashirin ta ba ka wuri, a gaban mai tambayar lafiyar ƙwaƙwalwa? Korar kanta ta gama faɗin komai. Mai Saƙa ta yi dariya ta ce, "Ƙyale ta, Yayata ce. Ci gaba."

Budurwar ta ci gaba. A gidan nan akwai wanda barci ya ƙaurace wa fiye da wata guda? Akwai wanda ya daina aikinsa ba don ciwon jiki ba? Akwai wanda ke guje wa mutane? Akwai wanda wani abu da ya faru da shi ke dawo masa kamar yanzu yake faruwa? Akwai wanda wata ƙara ko wani wuri ke firgita shi? Mai Saƙa ta ji kamar yarinyar ta leƙa ɗakin ne kafin ta rubuta tambayoyin. Ba ta taɓa sanin cewa abin da ke damun mijinta sananne ne har a buga shi a takarda ba. Ta ɗauka su kaɗai ne a duniya.

"Babu," in ji ta. "Babu. Babu, alhamdu lillahi."

Sau bakwai ta faɗa. Hannunta na kan injin, ba ta ɗaga ido ba.

"Maigidan fa, yana aiki?"

"Ciwon baya ne ya kwantar da shi."

"Wallahi kuwa," in ji Mai Ƙanƙara. "Shekara shida, bawan Allah."

Budurwar ta yi 'yan rubuce-rubucenta ta rufe takardar. Da ta miƙe sai ta tsaya ta ce, "Mama, abin da muka tara shi za a duba a san unguwannin da za a riƙa tura ma'aikatan lafiya suna duba mutane har cikin gidajensu. Shi ya sa muke so a gaya mana gaskiya."

Har cikin gidajensu. Gaban Mai Saƙa ya faɗi. Abin da ta shekara shida tana nema ke nan, ya zo da ƙafarsa har barandarta ya zauna a kujerarta. Ta buɗe baki. Almakashi ya yi ƙas a hannun Mai Ƙanƙara. Mai Saƙa ta ce, "Allah ya taimaka, 'yata."

A ranta ta ce ai ba komai, za ta tare yarinyar in ta fito ita kaɗai. Mai Ƙanƙara ta ja budurwar zuwa gidanta. Mai Saƙa ta shiga ciki don ta ɗauko mayafi, ta leƙa ɗakin mijin kamar yadda ta saba, sai ta tsaya cak.

Tagar ɗakin a kan baranda take, ta manta. Direba na zaune a bakin gado. Ya buɗe akwati ya ciro shuɗiyar rigarsa ta aiki, wadda rabonsa da ita tun ranar hatsarin, ya sa ta ya ɓalle maɓallan har wuya. Ya wanke fuska. Hannuwansa na kan gwiwoyinsa, kamar mai jiran a kira sunansa a layin asibiti. Rigar ta yi masa yawa sosai.

"Sun tafi?" in ji shi. Kwana huɗu rabon da ta ji muryarsa.

"Za su dawo," in ji ta. "Yau ƙirga gidaje kawai suke yi."

Ta fita da sauri. Budurwar ta fito daga gidan Mai Ƙanƙara, amma mata sun firfito ƙofofinsu, wannan na miƙa ta ga waccan, kowa na son ya ga takardar. Mai Saƙa ta tsaya a bakin ƙofarta da mayafi a hannu tana jiran layin ya yi shiru. Bai yi ba. Da azahar wata farar mota ta tsaya a bakin titi ta kwashe masu binciken. Mai Saƙa ta ce a ranta sai gobe. Washegari ta wuni tana leƙe, jibi ma haka. Ba su dawo ba.

Direba bai mayar da rigar akwati ba. Ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa. Bai taɓa yi mata maganar abin da ya ji ta taga ba, da ma ya yi, da ta samu sauƙi. Duk safiya in ta shigo da ruwan shayinsa sai ta ga rigar, ta ji kunya ta kama ta kamar an tsare ta da sata.

Wata goma sha huɗu aka yi haka. Sai wata mai ciki da ta kawo zare daga unguwar bayan layin dogo take ba da labari cewa yanzu duk Talata wasu ma'aikatan jinya biyu na shigowa unguwarsu. Suna ajiye mota nesa, su bi gidaje da ƙafa, su zauna da mara lafiya su yi hira, in da bukatar magani likita ya rubuta ta waya. Ta ce wani ɗan yayarta da ya shekara uku bai fita ba, yanzu har shago yake zama. Mai Saƙa ta kuskure layi biyu a saƙar da take yi, abin da ba ta yi ba tun tana koyo.

Talata na zagayowa ta je ta tare ma'aikatan a hanya. Suka saurare ta tsaye a rana. Babbar ta ce ba su ke zaɓen unguwa ba, jerin sunayen unguwanni daga ofis ake ba su, su huɗu ne kacal a duk garin, in suka fara tsallaka iyaka ba za su gama da kowa ba. Ta rubuta mata kwatancen ofishin a bayan wata takarda.

Ranar da za ta je, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Maigida, zan je wajen masu takardar nan." Ya juyo ya dube ta.

Ofishin a hawa na uku yake, ɗaki ne mai tebur huɗu da kabad cike da fayil. Ta yi sa'a, ko ta yi rashinta, budurwar nan na nan. Ta yi aure, ga ciki ya fito, wata bakwai a ƙiyasin idon Mai Saƙa, wanda ba ya kuskure a wannan fanni.

"Mama mai injin saƙa!" in ji ta. Ta ba ta kujera, ta kawo ruwa.

Mai Saƙa ba ta sha ba. Ta ce, "'Yata, ƙarya na yi miki. Na zo in canza amsata." Ta faɗi komai, daga gangaren har rigar da ke bayan ƙofa. Shi ne karo na farko da ta faɗa wa wani ba tare da ta rage murya ba.

Yarinyar ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta tashi ta nuna mata taswirar garin da ke manne a bango, an shafa wa unguwanni launi. Ja, inda bukata ta fi yawa, can ake tura ma'aikata. Rawaya, masu jiran layi. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan yanki kore shar.

"Nan ne ku. Gida sittin da ɗaya muka shiga a layukanku uku. Biyu ne suka ce akwai."

"To ɗauko tawa takardar ki gyara. Su zama uku."

"Mama, ba mu rubuta suna ba. Lamba ce kawai, kuma takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane gida an ƙona ta da aka gama, haka dokar aikin take. Don a kare sirrinku aka yi. Ko na buɗe kabad ɗin nan ba zan gane taki ba. Ko da na gane ma, an buga rahoto, an miƙa, an raba ma'aikata."

"Yaushe za ku sake zagayowa?"

"In an samu masu ɗaukar nauyi, wataƙila nan da shekara uku."

Mai Saƙa ta dubi koren nan. Wai su ne masu lafiya.

"Ni na san ba haka abin yake ba," in ji yarinyar, idonta ya ciko. "Na ga fuskokinku. Na rubuta cewa yawancin hirarrakin unguwarku a bakin ƙofa aka yi su, da mutane a tsaye. An sa a rahoton, Mama. Layi biyu ne a shafin ƙarshe."

Ta ce za ta yi wa shugabansu magana, ta karɓi lambar waya. Daga yadda ta faɗa, su biyun sun san iyakar inda maganar za ta kai. Sannan ta ciro wata 'yar takarda da ake ba duk wanda ya zo neman taimako, ta miƙa mata da hannu biyu. Adireshin babban asibiti ne, na ɗaya ƙarshen gari.

"Ba ya shiga mota," in ji Mai Saƙa a hankali. Ta karɓa duk da haka, don kada yarinyar ta ji nauyi. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "In kin sauka ki aiko, in yi masa hula."

La'asar ta yi lokacin da ta shigo layin, ƙafafunta sun kumbura. Mai Ƙanƙara na zaune a ƙofar gidanta kusa da kularta ta ƙanƙara.

"Sannu da dawowa. Ya mai bayan?"

Mai Saƙa ta gaji. Ƙaryar ta yi mata nauyin da ba za ta iya ɗaga ta ko sau ɗaya kuma ba. Ta ce, "Ba baya ba ne, Yaya. Bai taɓa zama baya ba. Tun hatsarin nan hankalinsa ne bai dawo daidai ba."

Ta jira salati da tafa hannu. Mai Ƙanƙara ta rufe kular, ta goge hannunta a zani, ta ce, "Na sani. Ina jin sa in babur ya wuce."

"Kin sani?"

"Kin san abin da ya kawo ni aron almakashi ran nan? Ina da almakashi biyu a gida. Na ga daga gidanki nawa za ta shigo. Na ce bari in je in ji me za ki ce. In kin faɗa, ni ma in faɗa." Ta waiwaya ta dubi cikin gidanta, wajen ɗakin baya inda 'yarta ta fari take zaune shekara huɗu, tun bayan haihuwar da ta yi, wadda duk layin suka sani da ciwon ido ne da ba ya son haske. Mai Saƙa da hannunta ta taɓa kai mata maganin ɗigawa. "Sai na ji kin ce babu," in ji Mai Ƙanƙara.

Ni dai ban san wanda zan ji haushi ba a nan, kuma na nema. Matan biyu suka tsaya, ɗaya a wannan ƙofa, ɗaya a waccan, taku shida tsakaninsu. Ba wadda ta yi kuka. Wata mata ta zo sayen ƙanƙara, Mai Ƙanƙara ta buɗe kula ta ba ta.

Mai Saƙa ta wuce injinta ta shiga ciki. Ƙusar bayan ƙofa babu komai a kanta. Direba na zaune a bakin gado cikin shuɗiyar rigar, maɓallai har wuya, hannuwa a kan gwiwa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake zaune haka.

"Yaushe za su zo?" in ji shi.

Amsa na nan a bakinta, a shirye, irin wadda ta saba. Wata mai zuwa. Bayan sun gama da wata unguwa. Ta dubi wuyansa da ya rame a cikin kwalar rigar, ta zauna kusa da shi a bakin gadon.

"Ba za su zo ba, Maigida. Na ce musu babu, sun rubuta babu."

Ya gyaɗa kai, sau biyu, a hankali. Ya sa hannu ya fara cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ba ta taya shi ba don ta ga ba ya so. Ya tuɓe rigar ya ninke ta a kan cinyarsa, hannu da hannu, kwala a sama, yadda yake yi da can in ya dawo daga doguwar tafiya. Sannan ya miƙa mata.

"Mayar da ita akwati," in ji shi.